Tashar Discovery: wa ke da ita, kuma wa ke zaɓen abin da take nunawa? Tambayoyi da amsoshi

Wanda ya san tashar talabijin ta Discovery ta Amurka a da, lokacin da take cike da namun daji, taurari da tarihin daulolin da suka shuɗe, idan ya kunna ta yau ya tarar da masu haƙar zinare suna cacar baki a kan injin da ya lalace, tambayar farko da ke zuwa bakinsa ita ce: sayar da ita aka yi? Wannan tambaya da 'yan'uwanta ne aka tattaro a nan. Yawancinsu amsarsu tana komawa wuri guda, wato aljihun da kuɗin ke fitowa.

Mece ce tashar kebul, kuma me ya bambanta ta da tashar da ake kamawa da eriya?

Tashar eriya tana watsa shirinta a iska, duk mai akwatin talabijin ya kama kyauta. Tashar kebul ba ta zuwa gidan kowa kai-tsaye. Tana harba shirinta zuwa tauraron ɗan'adam, kamfanonin rarraba tashoshi su sauko da shi, su haɗa shi da wasu tashoshi masu yawa a kunshi ɗaya, su kai wa gidaje ta waya ko ta faranti, su karɓi kuɗin wata. A Amurka irin waɗannan kamfanoni su ne su Comcast da Charter ta ɓangaren waya, DirecTV da Dish ta ɓangaren faranti.

Abin lura a nan shi ne mai kallo ba shi ne abokin cinikin tashar na farko ba. Kamfanin rarrabawa ne. In ya ƙi saka ta a kunshinsa, ko shirinta ya fi na kowa kyau babu idon da zai gan shi. Wannan ne ya sa tarihin mallakar Discovery ya ɗauki hanyar da ya ɗauka, kamar yadda za a gani a amsar da ta yi maganar shekarar 1986.

Wa ya kafa Discovery, kuma yaushe?

John Hendricks ne. Ba ɗan jarida ba ne, ba kuma mai shirya fim ba. Aikinsa nemo wa jami'o'i tallafin kuɗi. A 1982 ya yi wa kamfani rajista da sunan Cable Educational Network, ya jinginar da gidansa don samun kuɗin fara yawo wurin masu zuba jari, har ya tara kimanin dala miliyan 5. Tashar ta fara aiki ranar 17 ga Yuni, 1985, daga jihar Maryland, tana shiga gidaje 156,000 kacal, awa 12 a rana, daga ƙarfe uku na yamma zuwa uku na dare. Shirin da ta buɗe da shi, Iceberg Alley, a kan tsaunukan ƙanƙara ne masu yawo a tekun Atilantika.

Da wane irin shiri ta fara cika lokacinta?

Da kayan wasu. Dabarar Hendricks ita ce ya lura akwai dubban shirye-shiryen gaskiya, waɗanda ake kira dokumentari, jibge a ɗakunan ajiyar gidajen talabijin na Ingila, Kanada, Ostireliya da sauransu. An nuna su sau ɗaya ko biyu an ajiye, kuma yawancinsu Ba'amurke bai taɓa ganinsu ba. Hayar irin wannan tsohon shiri ba ta kai ko kusa da kuɗin shirya sabo ba. Da haka tasha mai ƙaramin jari ta iya cika rabin yini kullum.

Akwai abin da ta yi a farkon 1987 da ya nuna irin ƙarfin halinta a lokacin: ta ɗauko shirye-shiryen gidan talabijin na Tarayyar Sobiyet ta nuna wa Amurkawa har tsawon awa 66, ana tsaka da Yaƙin Cacar Baki, don mutane su ga abin da mutanen Mosko ke kallo a ɗakunansu. Shirinta na farko da ta biya aka yi mata daga tushe sai a 1989 ya fito, Ivory Wars, a kan kashe giwaye saboda haure.

Me ya sa ake cewa kamfanonin kebul ne suka cece ta a 1986?

Saboda kuɗin da Hendricks ya tara bai kai shekara ba ya kusa ƙarewa. Haya ce ta tauraron ɗan'adam kowane wata, ga kuɗin shirye-shirye, ga albashi, masu talla kuma ba sa kula tashar da gidajenta ba su taka kara sun karya ba. A 1986 wasu manyan kamfanonin rarrabawa suka zuba jari, daga cikinsu akwai TCI na John Malone, da Cox, da Newhouse, da United Cable.

Ba don Allah suka yi ba, kuma ba laifi ba ne a faɗi haka. A lokacin suna neman hujjar da za su ba wa iyaye da hukumomin birane cewa kebul ba finafinai da wasanni kaɗai ba ne, har da ilimi. Discovery ta zama wannan hujjar. Da suka zama masu hannun jari kuwa, saka ta a kowane gida ya zama ribarsu, sai gidajen da take shiga suka tashi daga dubbai zuwa miliyoyi cikin 'yan shekaru. Mai kai kaya kasuwa shi ne kuma mai kayan, wa zai hana ta rumfa?

Wannan tsari ya daɗe. Har zuwa 2007 rabin kamfanin yana hannun ɓangaren Malone, Cox na da kashi ɗaya cikin huɗu, iyalan Newhouse ta kamfaninsu na Advance su ma kashi ɗaya cikin huɗu. A shekarar ce Cox ya fita, aka sallame shi da tashar Travel Channel da tsabar kuɗi sama da dala biliyan ɗaya. A watan Satumban 2008 kamfanin ya shiga kasuwar hannayen jari ta Nasdaq, kowa ya iya saye.

To a ƙarƙashin wa ta koma bayan nan?

Cikin shekara huɗu ta haɗiye wani kamfani, sannan ta auri wanda ya fi ta girma. A 2018 ta sayi Scripps Networks, mai tashoshin girke-girke da gyaran gida irin su Food Network da HGTV, a kan dala biliyan 14.6 in an haɗa da bashi. Travel Channel da ta ba Cox ma ta wannan hanya ta dawo gida. Ranar 8 ga Afrilu, 2022, aka kammala haɗe ta da WarnerMedia, wanda kamfanin wayar tarho na AT&T ya gaji da riƙewa. Sabon kamfanin, Warner Bros. Discovery, masu hannun jarin AT&T suka samu kashi 71 nasa, na Discovery kashi 29, amma shugabancin ya faɗa hannun David Zaslav, wanda ke jan ragamar Discovery tun farkon 2007. Tashar da ta fara da hayar tsofaffin kaset ta wayi gari gida ɗaya da CNN da tashar finafinai ta HBO da kamfanin finafinai na Warner, da kuma bashin da ya haura dala biliyan 50. Abin da bashin ya jawo yana amsar ƙarshe.

Hendricks kansa ya sauka daga kujerar shugaban hukumar gudanarwa a 2014.

Ta ina tashar ke samun kuɗi?

Ƙofa biyu ce. Ta farko kuɗin da kamfanin rarrabawa ke biyanta a kan kowane gida, kowane wata, ko mutanen gidan sun kalle ta ko ba su taɓa tsayawa a kanta ba. Ga tasha irin Discovery abin bai kai dala ɗaya ba a kan gida. Kada a raina shi. A ƙaddara santi 40 ne, gidajen kuma miliyan 90: dala miliyan 36 ke nan a wata, kafin a sayar da talla ko ɗaya. Tashar wasanni irin ESPN tana karɓar ninkin-ba-ninkin wannan, shi ya sa mai son namun daji ke biya wa mai son ƙwallo ba tare da ya sani ba, shi ma mai ƙwallon yana biya masa ɗan nasa.

Ƙofa ta biyu talla. A nan kamfanin Nielsen ne alƙali, shi ke ƙiyasta yawan masu kallon kowane shiri da shekarunsu. Masu talla sun fi zawarcin 'yan shekara 25 zuwa 54, kuma a kowane watan Mayu manyan tashoshi kan taru a New York su baje shirye-shiryen shekara mai zuwa, a sayi gurbin talla tun kafin a nuna su. Shirin da ake kira na awa ɗaya a irin wannan tasha bai cika wuce minti 43 ko 44 ba, sauran talla ne. In ka zuba ido za ka ga yadda aka yanka shi: dab da kowane hutu sai igiya ta tsinke ko wani ya ƙwalla ihu, a katse, bayan an dawo a maimaita maka abin da ka gani minti biyar da suka wuce, saboda wanda ya shigo yanzu. Mai shirya fim ba shi ya so haka ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ita da kanta take shirya abin da take nunawa?

Galibi a'a. Hanya uku ce. Ko ta yi hayar shirin da wani ya riga ya gama, na wasu shekaru a wasu ƙasashe. Ko ta ba wani kamfani kwangila, ta biya kuɗin duka, shirin ya zama nata har abada. Ko kuma ta haɗa kuɗi da wasu gidajen talabijin, kowa ya nuna a yankinsa.

Discovery ta fi son hanya ta biyu, kuma dalilin a fili yake: shirin da ka mallaka kana iya juya shi zuwa harsuna da yawa, ka nuna a ƙasashe da yawa, ka maimaita shekara goma ba mai tambayarka ko sisi. Sai dai masu ɗaukar hoton ba ma'aikatanta ba ne. MythBusters, wanda Jamie Hyneman da Adam Savage suka gabatar daga 2003 zuwa 2016 a San Francisco, kamfanin Beyond na Ostireliya ne ya shirya shi. Deadliest Catch na kamfanin Original Productions ne na Thom Beers. Gold Rush kuwa, duk da a Alaska da Yukon ake haƙar, kamfanin Raw na Landan ne ya ƙirƙiro shi. Sunayensu na wucewa da gudu a ƙarshen shiri, lokacin da kowa ya tashi.

Na ga shirin namun daji iri ɗaya a BBC da Discovery, amma murya daban. Na wa ne?

Na haɗin gwiwa ne, wato hanya ta uku a amsar da ta gabata. Sashen tarihin halittu na BBC da ke Bristol shi ke aikin, Discovery ta zuba kaso na kuɗin ta karɓi haƙƙin nunawa a Amurka. Planet Earth mai kashi 11, wanda BBC ta nuna a 2006, da kuɗin BBC da Discovery da NHK ta Japan aka yi shi. Da ya iso Amurka a 2007 sai aka cire muryar David Attenborough aka sa ta 'yar wasan fim Sigourney Weaver. Haka aka yi da Life a 2010, aka ba Oprah Winfrey, da Frozen Planet a 2012, aka ba Alec Baldwin. Hujjar ita ce Ba'amurke ya fi sakewa da muryar da ya sani. Masu kallo da yawa ba su yarda ba, suka riƙa neman faifan asali.

A kan Frozen Planet ɗin ne aka yi wani rikici da ya fi na murya nauyi. Kashi na bakwai ya yi magana a kan narkewar ƙanƙara da ɗumamar yanayi, batun da ke raba kan 'yan siyasar Amurka. Rahotanni suka fita cewa tashar ba za ta nuna shi ba, aka yi ca a kanta, daga baya ta nuna. Yarjejeniyar BBC da Discovery ta ƙare a 2013.

Me ya sa ta bar kimiyya da tarihi ta koma bin masunta da makanikai?

Wannan ce tambayar da aka fi yi, kuma amsarta lissafi ne. Shirin damisar ƙanƙara yana iya cin shekaru, mai kyamara ya yi makonni a kan dutse bai samu minti ɗaya ba, in an gama kuma kashi kaɗan ne, a nuna a wuce. Shirin da ke bin wasu mutane a wurin sana'arsu kuwa ana ɗaukar kashi goma sha a zango guda, a dawo baɗi a ci gaba da mutanen nan dai, mai kallo ya saba da su kamar maƙwabta, ya san wane ne mai zafin rai, wane ne malalaci. Sabo shi ke dawo da mutum kowane mako a ƙarfe kaza, shi kuma mai talla ke saye.

Juyin ya kankama ne daga 2003 da American Chopper, uba da ɗa masu ƙera babura da ba sa rabuwa da faɗa. A 2005 Deadliest Catch ya zo, yana bin jiragen kamun ƙaguwa da ke tashi daga Dutch Harbor zuwa tekun Bering cikin hunturu. A yi adalci, wannan ba wasan yara ba ne. Ana ganin igiyar ruwa tana hawa kan jirgi, tarkon ƙarfe mai nauyin ɗaruruwan kilo yana lilo a kan mutanen da suka kwana biyu ba barci, ƙanƙara ta daskare a kan dogaran jirgi har sai an sa guduma an farfasa don kada nauyinta ya kifar da shi. A 2010 ɗaya daga cikin matuƙan, Phil Harris, ya samu shanyewar ɓarin jiki ana tsaka da ɗaukar shiri, ya rasu bayan kwanaki, kuma an nuna jinyarsa da amincewar iyalinsa. Wannan gaskiya ce tsagwaronta, ta fi wasu dokumentarin ma.

Matsalar ita ce abin da ya biyo baya. Da aka ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai aka yi ta buga irinsa: zinare, katako, motoci, masu dafa barasa a ɓoye, waɗanda ake jefarwa daji tsirara. A nan mai tace hoto ya fi mai kyamara aiki, domin daga awa ɗari ake tsamo minti arba'in, kuma ba minti arba'in na zaman lafiya ake tsamowa ba. A ganina ba batun sana'a ne ya rage darajar tashar ba, Dirty Jobs na Mike Rowe ya koya wa mutane abubuwa da yawa a kan ayyukan da ake ƙyama. Abin da ya rage ta shi ne komawa neman rigima a inda ake neman bayani.

Mene ne Shark Week, me ya sa ake ta maganarsa?

Mako guda ne a kowace bazarar Amurka da tashar ke keɓe wa kifin shak. An fara shi a Yulin 1988 don cike gurbin lokacin da mutane ke hutu ba sa zaman kallo, ya zama al'ada, har yau ba a fasa ba, kuma babu wani biki na shekara-shekara a talabijin ɗin kebul na Amurka da ya kai shi daɗewa. Masana teku suna da ƙorafi a kansa: ya fi nuna haƙora da jini, alhali mutanen da shak ke kashewa a duniya a shekara ba su cika wuce goma ba, mutane kuwa suna kashe shak miliyoyi masu yawa. A 2022 wasu masana suka wallafa nazari a mujallar PLOS ONE bayan sun zauna sun kalli kashi sama da 200, suka nuna yawan tsoratarwa da ƙarancin bincike na gaske a ciki. A 2017 an yi ta tallar cewa zakaran ninƙaya Michael Phelps zai yi tsere da shak. Da ranar ta zo, shak ɗin na kwamfuta ne.

Da gaske ta taɓa nuna ƙarya da sunan dokumentari?

Ta taɓa. A Agustan 2013 ta buɗe Shark Week da shirin Megalodon: The Monster Shark Lives, mai cewa wani ƙaton shak da ya ƙare a duniya miliyoyin shekaru da suka wuce yana nan da rai a tekun Afirka ta Kudu. Masanan da suka yi bayani 'yan wasan kwaikwayo ne. Hotunan haɗa su aka yi, har da wani mai launin tsufa da ke nuna ƙaton kifin kusa da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. Gargaɗin cewa an ƙaga wasu abubuwa ya gilma ne na 'yan daƙiƙoƙi cikin kalmomi masu harshen damo. Mutum miliyan 4.8 suka kalla, adadin da makon bai taɓa samu ba, shi ya sa duk da zagin da ta sha aka sake yin wani a shekara mai bi.

Ba ita ta fara ba. A 2012 ƙanwarta Animal Planet ta yi irinsa a kan 'yan ruwa, masu jikin mutum da wutsiyar kifi, har hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta fitar da sanarwa cewa ba a taɓa samun shaidar wanzuwarsu ba. A Disamban 2014 kuma aka yi Eaten Alive, aka yi alkawarin ƙatuwar mesar Amazon za ta haɗiye wani mutum mai suna Paul Rosolie cikin rigar kariya. Macijiyar ta naɗe shi, ya ji hannunsa zai karye, ya ce a kawo ɗauki. Ba a haɗiye kowa ba. A Janairun 2015 sabon shugaban tashar, Rich Ross, ya faɗa wa 'yan jarida cewa an daina irin wannan.

Babu hukumar da ke hana irin haka?

A Amurka kusan babu. Hukumar sadarwa ta FCC tana ba tashoshin eriya lasisi saboda suna amfani da iskar jama'a, amma tashar kebul ba ta karɓar lasisi daga gare ta, kuma tsarin mulkin ƙasar ya ba 'yancin faɗar albarkacin baki kariya mai ƙarfi. Abin da ke taka mata birki shi ne masu talla, kamfanonin rarrabawa, kotu in ta ɓata sunan wani, da kunya. A Birtaniya lamarin daban ne: dokar hukumar Ofcom ta ce shirin da aka gabatar a matsayin gaskiya kada ya yaudari mai kallo ta hanyar da za ta cutar, kuma ana kai ƙara.

National Geographic da History su ma na Discovery ne?

A'a, kishiyoyinta ne. National Geographic ta samo suna daga ƙungiyar da aka kafa a Washington a 1888, mai mujallar nan mai rawayan gefe. Tashar ta fara a Turai da Ostireliya a 1997, ta shiga Amurka a Janairun 2001 da haɗin gwiwar Fox. A 2015 aka sake lale: Fox ta biya dala miliyan 725 ta riƙe kashi 73 na sabon kamfanin da ya haɗa tashar da mujallar, ƙungiyar ta tsira da kashi 27. A 2019 kason Fox ya koma hannun Disney. History kuwa ta fara ranar 1 ga Janairu, 1995, a ƙarƙashin kamfanin A&E, wanda a 2012 Disney da Hearst suka raba shi biyu daidai.

Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. History da aka sani da yaƙe-yaƙen duniya ta koma shagon jingina na Las Vegas da labaran baƙi daga sararin samaniya. Misali mafi ban tausayi yana cikin gidan Discovery kanta: The Learning Channel, tashar koyarwa da ta saya a 1991, an taƙaita sunanta zuwa TLC, yau kuma an fi saninta da shirye-shiryen aure da rikicin iyali. Sauran 'yan gidan sun haɗa da Animal Planet ta 1996, da Investigation Discovery ta 2008 mai labaran kisan kai, da OWN ta Oprah Winfrey wadda ta gaji gurbin Discovery Health a farkon 2011.

An taɓa gwada tashar da ba ta nuna komai sai dokumentari na asali?

An gwada, kuma ƙarshen gwaji biyu ya isa darasi. A Amurka Tom Neff ya buɗe Documentary Channel daga Nashville a Janairun 2006, tana nuna finafinan masu zaman kansu, irin waɗanda ake gani a bukukuwan finafinai sannan su ɓace. Ba ta da kamfanin rarrabawa a cikin masu ita, ta dogara da faranti, ba ta taɓa shiga gidaje da yawa kamar manyan ba. A ƙarshen 2012 kamfanin Participant Media ya saye ta, kuma gurbinta yake so fiye da shirinta: a Agustan 2013 ya rufe ta ya buɗe Pivot ta matasa a wurin, ita ma ta mutu a 2016.

Ta Kanada mai irin wannan suna, wadda ta fara a 2001, ta fi tsawon rai. A 2007 gidan rediyo da talabijin na ƙasa, CBC, ya mallaki kashi 82 nata, hukumar finafinai ta ƙasa kuma ta riƙe kashi 14. Masu ita ba sa jiran rahoton riba na kowane wata uku. Haka Arte ta Faransa da Jamus, tun 1992, da kuɗin jama'a take tafiya, haka Al Jazeera Documentary ta Larabci da Qatar ta buɗe a 2007. A kwatanta da amsar da ta yi bayanin ƙofofin kuɗi biyu.

Me ya sa Discovery ta wata ƙasa ba ta yin daidai da ta Amurka?

Domin suna ɗaya ne, tashoshin da yawa. Tun 1989 ta fita zuwa Turai, kuma kowane yanki yana da jadawalinsa, tallarsa da harshensa. Haƙƙin nuna shiri ƙasa-ƙasa ake sayar da shi, don haka shirin da Discovery ke da shi a Amurka yana iya zama na wata tasha a wani wuri, kamar na BBC da aka ambata. Wani wurin ma ba ita ke da tashar ba, sunan kawai ta ba da haya. A Kanada doka ta hana baƙo mallakar rinjaye a gidan talabijin, saboda haka shekara 30 wani kamfanin ƙasar ne ke tafiyar da ita, a ƙarshe Bell Media, Discovery na da ƙaramin kaso. Da kamfanin Rogers ya karɓe hayar sunan daga farkon 2025, Bell ya sauya wa tasharsa suna, sunan Discovery ya koma wata sabuwar tasha.

Yanzu da mutane ke komawa kallo ta intanet, ina makomarta?

Gidajen Amurka masu biyan kuɗin kebul ko faranti sun kai kusan miliyan 100 a farkon shekarun 2010, daga nan suka fara raguwa kowace shekara. Kowane gida da ya yanke waya ya tafi da santocinsa na wata, ya kuma rage yawan idon da ake sayar wa mai talla, ƙofa biyun nan suna tsukewa lokaci guda. Kamfanin ya buɗe manhajarsa ta discovery+ a Amurka a Janairun 2021, amma a manhaja mutum yana biya ne in yana so, ya fita ran da ya ga dama. Kuɗin wanda ba ya kallo, wanda ya gina tashar shekara 30, babu shi a can.

A Agustan 2024 Warner Bros. Discovery ya rage darajar tashoshinsa na talabijin a littafin lissafi da dala biliyan 9.1. A Yunin 2025 ya sanar zai rabu gida biyu, finafinai da HBO a gefe ɗaya, tashoshin kebul a ɗaya gefen da daga baya aka raɗa wa suna Discovery Global, su tafi da kaso mai tsoka na bashin. Kafin shekarar ta ƙare masu saye suka taso. Paramount ya nemi kamfanin gaba ɗaya. Netflix kuwa ya yi tayin ɓangaren finafinai da HBO ne kawai, bai sa tashoshin kebul a lissafinsa ba.

Hendricks ya riga kowa barin kebul. A Maris na 2015, shekara guda bayan saukarsa, ya buɗe CuriosityStream, manhajar da ke nuna kimiyya, tarihi da namun daji ga mai biyan kuɗin wata, kuma da hayar shirye-shiryen BBC da NHK ya fara cika ta.